Gaɓa ta Tara

Shekara talatin da ɗaya ina jan tarago a titunan Szeged,
ƙarfe bisa ƙarfe, ƙararrawa a ƙarƙashin ƙafata.
Ranar da na ajiye hular aiki na sayi tsohon piyano
a wani gida da ke bakin kogin Tisza.
Maɓalli biyu sun mutu, sauran na numfashi da ƙyar.
Ni ma kunne kawai na kawo, ban zo da iyawa ba.

Da hunturu ya rufe gari na haifi ɗan kiɗana,
gaɓa goma sha shida, ba ƙari.
Na zana shi da fensir a kan layuka biyar,
baƙaƙen ɗigo kamar tsuntsaye a wayar lantarki.
Na buga, na sake, na kuma.
An ce so hana ganin laifi;
ni ji ya hana ni.

Piroska ce a ɗakin ƙasa,
shekara arba'in tana miƙe yatsun yara.
Kullum na iso gaɓa ta tara
sai sandar shara ta daki rufinta, wato daɓena:
ƙwan, ƙwan.
Ran Laraba ta gaji, ta hawo da silifas,
tabarau na reto a wuyanta.

Ta ce, Bertalan, hannunka na hagu
tafiyar mai ɗauke da buhun dankali yake yi.
Sauke masa kayan.
Karin nan naka kuwa matsoraci ne,
ko zaure bai wuce ba ya juyo gida.
Bar shi ya yi nisa, ya ɓace maka,
ya dawo da ƙanƙara a takalmi,
sannan mu yi murnar dawowarsa.

Na ji, na wuce gona da iri.
Mako uku ina rataya masa ado,
nan gwalli, can karairaya,
har ya zama miyar kifin da barkono ya kashe.
Ta ɗanɗana gaɓa huɗu ta ture takardar.
Ta ciro roba daga aljihun rigar sanyi:
wannan ta fi fensirinka sanin kiɗa.
Muka yi ta gogewa har dare.
Inda na cusa sauti shida, biyu suka rage.
Inda na ji tsoron rami, ta ce bar shi,
shiru ma kiɗa ne.

Sai ta tara.
Ta zagaye sautin nan da jan biro
kamar likita ya gano ƙari.
Na dafe takardar na ce wannan kam a'a.
Akwai wata kwana kusa da kasuwa,
ƙarfe biyar na asuba, ba kowa a tarago sai ni da fitila,
a nan ƙafar ƙarfe ke yin wani siririn kuka,
ba daidai ba, ba kuma kuskure ba.
Shi na zo nema a cikin akwatin katakon nan.
Sauran sha biyar ɗin rakiya suka yi masa.

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.
Ta ture ni daga kujera da gwiwar hannu,
ta buga ta takwas, ta ɗaga yatsu,
ta bar numfashi guda ya wuce,
sannan ta saki kukan.
Na ji sanyin asuba a bayan wuyana.
Ta ce, in za ka bar ƙaya a hanya
share kewayenta, a san da gangan ne.

Yanzu ɗan kiɗan ya rame, ya yi ƙwari,
yana fita, yana daɗewa, yana dawowa.
Ba wanda ya ji shi sai mu biyu da kyanwar maƙwabta.
Jiya na wuce ta tara lafiya, daɓe bai motsa ba,
har na fara murmushi.

Ina shiga ta sha uku,
ƙwan, ƙwan.